A Fito da Bajamushiya

Sista ta warware bandejin a hankali. Da ta kai zagayen ƙarshe sai ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi Auta. Warin ya riga ya yi magana. Yatsun ƙafar Baba sun yi baƙi, kuma baƙin ya fara haurowa inda shekaranjiya fata ce lafiyayya.

"Yaya dai, Sista?" in ji Baba. Yana zaune a bakin gado, fuskarsa na fuskantar taga, ko da yake idanun sun daɗe da daina yi masa aiki. "Na ji kin yi shiru, ke da bakinki ba ya hutawa."

"Baba, wannan ya fi ƙarfin wankina. Yau za a tafi asibiti a kwantar da kai. In aka kai gobe, ba zancen yatsu za a yi ba, zancen ƙafar za a yi gaba ɗaya."

Sista maƙwabciyarsu ce, nas a babban asibiti. Ita ke leƙowa kafin ta wuce aiki ta wanke masa gyambon da ciwon suga ya jawo. Ta sha yi masa zancen asibiti yana zillewa, yau ya ce sai an yi sanyi, gobe ya ce likitocin yanzu duk jikokinsa ne. Auta ta gyara tsayuwa tana jiran sabuwar zilliya. Baba ya shafa gwiwarsa.

"To, a je," ya ce. "Auta, a fito da Bajamushiya."

Auta ta juyo. Ta dubi Sista, Sista ta sunkuyar da kai tana naɗa sabon bandeji kamar ba da ita ake ba.

Bajamushiya mota ce, amma a gidan nan ba a taɓa lissafa ta cikin ƙarafa ba. Ta girmi Auta. Baba ya yi odar ta tun yana safiyon ƙasa mai jini a jika, ya jira ta wata da watanni, sannan ya tafi tashar jiragen ruwa ya tsaya aka sauke ta a kan idonsa. Doguwa ce, ruwan madara, da kujerun fata da katako mai sheƙi a gaban direba, ga ƙofa mai nauyi da ba ta buƙatar a buga ta. Tarihin masu ƙera ta kuwa, 'ya'yan gidan sun haddace shi tun kafin su iya ɗaure igiyar takalmi: wai kakannin mutanen nan ne suka fara ɗora inji a kan keken doki, wai yaƙi ya rushe musu masana'anta suka karkaɗe jiki suka sake ginawa, wai tasa an ƙera ta tun ana Jamus biyu da katanga tsakanin 'yan'uwa. Baƙon da ya yi gangancin yaba motar, sai dai ya sha shayinsa da sanyi. Ita ta kai yayyen Auta makaranta, ita ta ɗauko Auta daga asibiti tana jaririya, ita kuma ta kai mahaifiyarsu tafiyar da ba ta dawo ba.

Abin da Baba bai sani ba shi ne, Bajamushiya ba ta da hanyar fita.

Tun da idonsa ya tafi ya daina leƙa waje. Ya ce shi ba za a riƙa jan sa a titi mutane na jera masa sannu ba. Duniyarsa ta koma ɗaki, baranda, da rumfar mota a tsakar gida. Ana haka Yaya, babban ɗansa da ke aiki a wani gari, ya zo hutu, ya tsaya ya ƙare wa gaban gidan kallo, ya ce wannan faɗi a bakin titi asara ce zaune, ga fansho ba ya riƙe maganin tsoho. 'Yan'uwa suka yi shawara a waya, aka cire get, aka jera shaguna daga wannan kusurwa zuwa waccan, aka zuba kankare a sama don hawa na biyu, aka bar ɗan lungu na shiga da fita. Yaya ya hana a sa taga ko ɗaya ta baya, don kada hayaniyar 'yan haya ta shigo gida.

Motar fa? Fitar da ita na nufin a gaya wa Baba, kuma ba a haifi wanda zai tunkari Baba da cewa Bajamushiya za ta kwana a waje ba. Kowa ya ce a bari tukuna, za a san dabara. Su kuwa magina ba ruwansu da tukuna, suka ci gaba da ɗora bulo a kan bulo.

Yaya ya koma garin da yake aiki, aka bar Auta da ƙaryar. Ita ta ce wa Baba maƙwabci ne ke gini. Ita ke tare baƙi a lungu ta ja musu kunne kafin su yi sallama. Ita ta roƙi tsohon bakanikensa ya riƙa shigowa da galan ɗin mai yana canzawa, ya kama bakinsa. Kullum da safe ta kai Baba rumfa, ya zauna a mazaunin direba, ya murɗa makulli rabi, ta gaya masa fitilar ɗumama inji ta mutu, sannan ya tayar. Ya karkatar da kai ya saurari injin, ya yanke hukunci: yau ta ji sanyi, yau tana cikin nishaɗi. Daga nan ya zagaya ta yana danna tayoyi da sanda, shi ya sa Auta ke ba su iska da famfon ƙafa duk ƙarshen mako. In ya yi ƙorafin hayaƙi ya daina fita daga gidan, ta ce benen maƙwabci ne ya tare iska. An shekara, an sake shekara a haka.

Koyarwa take a wani gari lokacin da mahaifiyarsu ta rasu. Ta dawo gida da akwati ɗaya, da sunan za ta ɗan zauna kafin a samu mai kula da shi. Akwatin na nan bisa durowa, ƙura ta rufe shi. Tana son mahaifinta, kuma ta gaji har cikin ƙashi, duka biyun gaskiya ne.

Ta shiga kicin ta ja ƙofa, ta kira Yaya.

"Ki ce masa ta lalace," in ji Yaya, bayan ya gama jin bayani.

"Jiya ya tayar da ita da hannunsa, Yaya. Har ya ce muryarta ta fi ta bara."

"To ki lalata ta mana. Ko Sista ta yi masa allurar barci, a ɗauke shi, ya farka a gadon asibiti. In ya warke ya yi faɗansa."

"Ka kira shi ka gaya masa da bakinka. Kai ka kawo magina."

"Ni na kawo, amma ai ba ni kaɗai na ce to ba. Ke ma kina kan layi ranar."

Wannan gaskiya ce, don haka ta haɗiye. "A fasa shagon tela, ko na rana ɗaya. Zan ba shi haƙuri."

"Ginshiƙin da ke riƙe da saman yana daidai inda get yake a da. Ki taɓa shi, ginin ya sauko muku a ka. Auta, ana jira na a taro. Ke ya fi jin maganarki, ki lallaɓa shi. Duk yadda ake ciki ki turo mini saƙo."

Ya kashe. Haka Yaya yake, daga nesa komai yana zo masa da sauƙi.

Sista ta turo ƙofa ta leƙo. "Na ji ƙarshen maganar. Ni ba na sa mutum barci don a sace shi daga gidansa, ki cire wannan a ranki. Na kira tasi, tana bakin titi. Na kuma gaya wa likita muna tafe, ya ce zai riƙe mana gado zuwa tsakar rana. Abin da zan iya ke nan."

"In na gaya masa, ba zai tafi ba, Sista. Kin san shi. Zai kafe a kan gadon nan har ƙafar ta ruɓe, don kawai ya nuna mana."

"In ba ki gaya masa ba ma, ban ga ta inda zai tafi ba."

Auta ta koma ɗaki ta tarar ya lalubo rigarsa ta fita da kansa, ya sa, maɓalli ɗaya ya tsallake rami. Ya ɗaura agogon da ba ya ganin fuskarsa, ya fesa turare fiye da kima. Ta durƙusa tana gyara masa maɓallin.

"Baba, Sista ta kira tasi, tana waje. Ka ga Bajamushiya ta daɗe ba ta hau titi ba, kada ta tsaya mana a hanya, ga ƙafa."

"Ta taɓa tsaya miki a hanya?"

"A'a."

"To." Ya dafa kafaɗarta. "Saurara, Auta. Ni ba yaro ba ne, na san abin da ake yi wa ƙafa irin wannan. Wataƙila in dawo da ita, wataƙila in dawo babu ita, wataƙila ma kada in dawo. Shekara da shekaru na ɓuya wa mutanen layin nan. In zan fita, su ga na fita a motata, 'yata na tuƙa ni, ba a cusa ni a bayan tasi kamar buhu ba. Ke kaɗai na yarda ta riƙe sitiyarin nan cikin 'ya'yana, kin sani. Ban roƙe ku komai ba bayan wannan."

Auta ta miƙe tsaye. Ta ce bari ta je ta goge gilashi.

A rumfa ta ɗaga bonet a hankali don kada ya ji, ta ɗauko sifana a akwatin kayan aiki, ta sassauta kan batir har ya yi lako-lako. Kunya ta kama ta kamar ta sa hannu a aljihun mai barci, amma ta mayar da bonet ta danne.

Ta kawo shi yana ɗingishi, Sista na biye da jakar kayansa. Ya ƙi kujerar baya, ya zauna a gaba kusa da ita, ya ja bel ya ɗaura. Auta ta murɗa makulli.

"Baba, ko fitila ba ta kawo ba."

"Ko ƙyas ba ta yi ba?" Maimakon ransa ya ɓaci, sai fuskarsa ta washe, irin ta mutumin da aka kawo wa aikin da ya iya. "Kan batir ne. Ja bonet."

"Ka zauna, Baba, ƙafarka. Mu hau tasin kawai, in ya so bakanike ya zo daga baya."

Ya riga ya kwance bel. Ya bi jikin motar da tafin hannu har gaba, ya sunkuya, yatsunsa suka tafi kai tsaye inda suka sani. Ya girgiza kan batirin ya ji yana rawa. Ya shafa notin, ya sake shafawa, ya ɗan daɗe a haka.

"Miƙo sifana," ya ce.

Ta miƙa masa. Bai tambayi yadda aka yi sifanar ke kusa haka ba. Ya ɗaure, ya rufe bonet da kansa, ya lallaɓo ya koma mazauninsa. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, kuma wani ɗigo ya ɓullo a kan sabon bandejin.

Wannan karon fitila ta kawo, ta mutu, injin ya tashi da gurnaninsa mai nauyi, lafiya lau, kamar da gayya.

"Sista, taimaka ki buɗe mana get," in ji Baba ta taga.

Sista na tsaye a bakin lungu da jaka a hannu. Ba ta motsa ba. Ta zuba wa Auta ido, irin kallon da ke cewa daga nan sai ke.

Auta ba ta san abin da ya sa ta sa giya ba. Wataƙila hannun ne ya tuna abin da aka koya masa. Ta saki burki, tayoyin suka ɓanɓaru daga inda suka daɗe a manne, motar ta fito daga inuwar rumfa zuwa rana. Baba ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a kan taga, ya ɗan ɗaga haɓa. Tsawon motar ɗaya da ɗoriya suka yi, ta taka burki. Bango ya cika gilashin gaba, fari fat, ba ƙofa ba taga.

"Ban ji kukan get ba," in ji Baba. "Get ɗin nan ba ya buɗuwa a ɓoye, tun daga ƙarshen layi ake jin sa. Yi mata hon, ƙila ba ta ji ni ba."

Ta danna. Ƙarar ta daki bango ta dawo musu a fuska, ta cika tsakar gidan ta rasa wurin fita.

Baba ya sauke hannunsa daga taga. "Sake."

Ta sake.

"Kashe ta."

Ta kashe. Ya kwance bel, ya buɗe ƙofa, ya fitar da ƙafa mai lafiya, sannan ya ɗago mai ciwon da hannu biyu. Sista ta yunƙuro, Auta ta girgiza mata kai. Ya bi jikin motar har hancinta, ya miƙa hannu gaba inda ya san ƙarfen get yake. Tafinsa ya sauka a kan siminti.

Ya shafa sama iya tsawonsa, ya shafa hagu, ya shafa dama. Ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya saurara. Auta ta fito ta tsaya a bayansa.

"Har an yi fenti," ya ce. "Ya ma fara ɓarewa. Wannan ne ginin maƙwabcin?"

"Baba, ka yi haƙuri, ka bari in..."

"Tambaya na yi."

"Shaguna ne. Namu."

"Tun wancan ginin?"

"Tun shi."

"Wa da wa suka sani?"

"Kowa."

"Har bakanike?"

"Har shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar ana karanta masa wani awo da ya riga ya yi zargin sakamakonsa. "Kuma duk ƙarshen mako ina jin ki kina ba tayoyi iska."

"Eh, Baba."

Ta so ya yi faɗa. Ta so ya ɗaga sandar nan, ya kira sunan Yaya, ya tara mata maƙwabta. Da ya yi haka, da ta san inda za ta sa kanta, don ta iya ba shi haƙuri tun tana ƙarama. Amma bai ɗaga murya ba. Ya juya ya fara bin bangon da hannu, yana jan ƙafa, yana barin ɗan danshi a ƙasa duk inda ya taka. Tsoro ya kama ta, don ta ɗauka ɗaki zai koma ya kulle kansa. Ta fara haɗa kalmomin roƙo a ranta: ƙafar, Baba, ka hukunta ni daga baya, amma ƙafar.

Hannunsa ya faɗa cikin sarari. Ya tsaya. Iskar titi ta bugo shi daga lungun, da ƙarar babura da muryar wani yana ciniki a shagon mai gyaran waya.

"Ta nan ake fita?"

"Ta nan, Baba," in ji Sista a hankali, ta matsa gefe. "Tasi na ƙarshensa. Likita na jira."

Ya shiga lungun. Ya jingina sandarsa a ƙugu, ya buɗe hannuwa biyu har tafukansa suka taɓa bango dama da hagu. Ya ɗan matsa gaba ya sake aunawa, yadda ya saba yi wa filayen mutane a zamaninsa.

"Wa ya ba magina faɗin nan?"

"Yaya," in ji Auta.

"Ya yi lissafi," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Makara za ta wuce da masu ɗaukarta, ba sai an karkata ba. Ashe an tanadar mini fita. Ni ne na zo da wuri, kuma a tsaye."

Auta ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, wallahi ba wanda ya taɓa faɗin haka. Kuma ba wanda ya taɓa faɗa. Amma ta laluba cikin duk wayoyin da suka yi, duk tukuna da za a san dabara, ba ta sami wata rana da ɗayansu ya yi tunanin Baba zai sake fita ta wata hanya ba. Ita ma haka. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Ya ɗauki sandarsa. Ta matso ta kama hannunsa, ya zare shi a hankali, ba da fushi ba.

"Bari," ya ce. "Bangon ya ishe ni."

Ya sa tafinsa a kan simintin ya nufi hasken titi, yana jan ƙafar, rigarsa ta fita na gugar fenti. Sista ta wuce gaba da sauri don ta buɗe ƙofar tasi. Lungun ya isa mutum biyu su jera, amma a bayansa Auta ta bi.